Ƙungiyar 'Yan Ƙwadago da Sabuwar Hanyar Aiki

1. Mafarin Magana

Kowace shekara, in an gama girbi an kai amfani rumbu, samari da magidanta na ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa, da na maƙwabciyarsu Babura, su kan ɗaure 'yan ƙunshinsu su nufi Kano cin rani. Waɗansu su kan yi dako a kasuwa, waɗansu su kan sayar da ruwa. Waɗansu kuwa Allah ya kan ba su sa'a su sami aiki cikin ma'aikatun Bompai, ko Sharaɗa, ko Chalawa.

Wanda ya shiga ma'aikata ba ya daɗewa sai ya ji ana zancen ƙungiya. Wani ya ce masa ita ce gatan lebura. Wani kuma ya ce ita ke kashe kamfani, ta bar mutane zaune a gida. Baƙo ya kan rasa wanda zai gaskata, ga shi kuwa abincin iyalinsa yana rataye da maganar.

Saboda haka mu ke so mu bayyana maka, ya mai karatu, abin da ƙungiya ta ke yi sa'ad da mai kamfani ya kawo sabon inji ko sabuwar hanyar aiki, da yadda wannan ya ke shafar ribar kamfani da aljihun ma'aikaci. Karanta a hankali. In ka gama, ka karanta wa wanda bai iya ba tukuna.

2. Mece ce Ƙungiyar 'Yan Ƙwadago?

Haɗa kai wajen sana'a ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni mahauta suna da Sarkin Pawa, maƙera suna da Sarkin Maƙera, magina suna da nasu shugaba. In gardama ta tashi tsakanin masu sana'a, shi ke raba ta. In hukuma tana da magana da su, ta bakinsa ta ke bi.

Je ka tashar motar Kazaure, a kan hanyar Kano zuwa Daura, za ka ga irin wannan. Direbobi suna da ƙungiya, ita ke tsara layi. Mota ba ta lodi sai layinta ya zo. Da ba don haka ba, da kullum sai an yi kokawa a kan fasinja, mai ƙarfi ya ci, marar ƙarfi ya kwana da yunwa.

To, ƙungiyar 'yan ƙwadago danginsu ce, sai dai akwai bambanci guda. Maƙeri shi ke da maƙerarsa, da zugazugansa, da uwar maƙerarsa. Ma'aikacin kamfani kuwa ba shi da inji, ba shi da gini, ba shi da kome sai ƙarfinsa da gwanintarsa, su ya ke sayarwa a ba shi albashi. In ya je gaban manaja shi kaɗai ya ce lada ta yi kaɗan, sai a nuna masa ƙofa, gama akwai goma a waje suna jiran gurbinsa. Amma in su ɗari biyar suka yi magana da baki ɗaya, tilas a saurara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Watau ƙungiya taron ma'aikata ce, waɗanda suka zaɓi shugabanni daga cikinsu, suna ba da 'yan kuɗi kowane wata, domin shugabannin nan su tsaya musu a kan albashi, da lokacin aiki, da hutu, da magani, da sha'anin sallama. Abin da suka daidaita a kai da masu kamfani a kan rubuta shi, kowa ya sa hannu. Sunansa yarjejeniya.

3. Yadda Ta Kafu a Nijeriya

A shekarar 1938 Gwamnatin Ingilishi ta yi dokar da ta yarda a yi wa ƙungiyoyin ma'aikata rajista a Nijeriya. A lokacin mutum biyar kaɗai sun isa su kafa ƙungiya. Ma'aikatan reluwe su suka fara yin rajista, a 1940, shugabansu kuwa wani mai suna Michael Imoudu.

Zamanin Yaƙin Duniya na Biyu kaya suka yi tsada ƙwarai, albashi bai motsa yadda ya kamata ba. Cikin watan Yuni na 1945 ma'aikatan reluwe da na gidan waya da na sauran ma'aikatun Gwamnati suka ajiye aiki. Suka yi kwana 44. Jirgin ƙasa ya tsaya tun daga Ikko har Kano. Bayan an koma aiki aka naɗa kwamiti a ƙarƙashin wani Bature, Tudor Davies, ya bincika, ya ba da shawara a ƙara rabi bisa kuɗin tsadar abinci da a ke ba ma'aikata.

Ba a daɗe ba aka ga abin da rashin jituwa ya ke haifarwa. A 1949 masu haƙar kwal a Inugu suka sami saɓani da shugabannin ma'aikatarsu a kan lada da yadda a ke raba kwanakin aiki. Maimakon su fita, sai suka riƙa jan aiki. Aka sallami waɗansu, suka ƙi barin ramin. Ran 18 ga Nuwamba aka aiko 'yan sanda su kwashe nakiyar da a ke fasa dutse da ita a wurin da a ke kira Iva Valley. Aka buɗe wuta, mutum 21 suka mutu. Maganar da ta kamata a ƙare ta a kan tebur, sai ta ƙare a maƙabarta.

Bayan samun mulkin kai ƙananan ƙungiyoyi suka yi yawa, har suka kai ɗaruruwa. A 1978 Gwamnati ta harhaɗa su suka zama manya guda 42, kowace sana'a da tata, aka kuma kafa uwar ƙungiya ta ƙasa duka, Hassan Sunmonu ya zama shugabanta na fari. A wannan tsari ne ma'aikatan masaƙu suka sami ƙungiya ɗaya, direbobin tasha ma haka.

4. In Sabon Inji Ya Zo

Kamfani ba ya zama wuri ɗaya. In bai sake injinansa ba, bai gyara hanyar aikinsa ba, wani kamfani zai yi kaya mafi kyau, mafi araha, ya ƙwace masa kasuwa. Saboda haka sabon abu lalle ne ya zo. Abin tambaya shi ne, ta wace ƙofa zai shigo?

Ga misali. A ce masaƙi yana lura da injin saƙa huɗu. Mai kamfani ya sayo sababbi masu sauri, ya ce daga yau kowane mutum zai lura da takwas. Nan da nan tsoro uku za su kama ma'aikata. Na ɗaya, in mutum guda zai yi aikin biyu, ina za a kai na biyun? Na biyu, aiki ya ƙaru, shin lada za ta ƙaru? Na uku, dattijon da ya shekara ashirin a kan tsohon inji, wa zai koya masa sabo, ko kuwa za a ce ya tsufa a sallame shi?

In babu wanda ya amsa musu waɗannan tambayoyi, ba su da bakin faɗa, amma suna da hannu. Sai ka ga zare yana yawan tsinkewa, inji yana yawan tsayawa, gwanaye suna sulalewa ɗaya ɗaya su koma gona. Mai kamfani ya kashe dukiya a kan inji, bai ga amfaninsa ba.

Haka ta faru a Ingila tun da daɗewa. Daga 1811 masu saƙa na wajen Nottingham suka riƙa fita da dare suna farfasa injinan da su ke ganin za su raba su da abincinsu. A lokacin doka ta hana ma'aikata yin ƙungiya. A 1812 Majalisa ta yi dokar kisa a kan mai fasa inji, aka rataye waɗansu, aka kai waɗansu gudun hijira na tilas. Inji bai fasa zuwa ba, ma'aikata kuma ba su tsira da kome ba. Sai a 1871 aka yi dokar da ta ba ƙungiyoyin Ingila cikakken matsayi.

Inda akwai ƙungiya mai hankali kuwa, ga yadda abin ya kan tafi. Tun inji bai iso ba manaja ya kan kira shugabanninta ya gaya musu. Su kuma su ce, a koya wa mutanenmu na ciki kafin a ɗauko na waje. Wanda aikinsa ya ƙaru a ƙara masa lada. Wanda gurbinsa ya tafi a mai da shi wani sashe. In kuwa ba makawa sai an rage mutane, a biya su haƙƙinsu. In an daidaita, shugabannin nan su ke komawa su lallashi 'yan'uwansu, ma'aikaci kuwa ya fi yarda da maganar wanda ya zaɓa da hannunsa bisa ga ta heluma.

Dokar aiki ta Nijeriya ma ta san da wannan. Sashe na 20 ya wajabta wa mai kamfani, in zai rage ma'aikata don aiki ya ragu, ya sanar da ƙungiya dalili da yawan waɗanda abin zai shafa. A kan fara da wanda ya zo daga baya, amma a kan duba gwaninta da riƙon amana. Sa'an nan ya yi iyakar ƙoƙari a daidaita a kan kuɗin sallama.

5. Masaƙun Kaduna da na Kano

Babu inda za mu ga wannan al'amari a fili kamar masaƙun Arewa. A 1957 Gwamnatin Jihar Arewa ta haɗa hannu da kamfanin David Whitehead na Ingila aka buɗe babbar masaƙa a Kaduna, wadda a ke kira KTL, tana saƙa akoko da audugar ƙasar nan. Daga baya Japanawa suka kafa Arewa Textiles, 'yan kasuwar Hong Kong suka kafa UNTL. A Kano ma aka kafa masaƙu da yawa, galibinsu ba su kai na Kaduna girma ba, na attajiran gari da na Kwarori.

Da aka shiga shekarun 1980 kuɗin man fetur ya faɗi. Kuɗin waje na sayo auduga da rini da kayan gyaran inji ya yi wuya. A 1986 kuma aka karya darajar naira, kome na waje ya ninka tsada. Masaƙu suka shiga uku: ko su sake hanyar aiki, ko su rufe.

Sakataren ƙungiyar masaƙa tun daga 1982 shi ne Adams Oshiomhole, wanda ya fara aiki a Arewa Textiles, daga baya ya shugabanci uwar ƙungiya, har ya yi Gwamnan Jihar Edo. A farkon 1984 babbar rigima ta tashi a KTL a kan rage albashi. Ƙungiya ta shiga tsakani, aka zauna aka daidaita, masaƙa ta ci gaba da aiki.

Waɗansu masana biyu daga ƙasar Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, sun shekara da shekaru suna bin masaƙun nan suna bincike, suka buga littafi a kai a 1998. Abin da suka gani ya ba mutane mamaki. An zaci wahalar nan za ta kashe ƙungiya, sai ga shi ta ƙara ƙarfi. Dalili kuwa shi ne, manyan masaƙu suna bukatar su gyara injina, su kyautata atamfarsu, su yi aiki da mutane kaɗan waɗanda suka ƙware. Wannan ba ya yiwuwa da tsawa kaɗai. Manajoji suka gane gara su yi ciniki da ƙungiya ɗaya mai riƙe alkawari, da su wayi gari kullum da tarzoma. Ita kuma ƙungiya ta yarda da gyare-gyaren, amma ta karɓar wa mutanenta ƙarin lada da alawus, ta kuma tsaya a kan kada a kori mutum sai an bi ƙa'ida.

A Kano hanyar ta bambanta. A masaƙu da dama mutum ya kan sami aiki ta hannun wani, ko ɗan garinsu, ko yaron maigida. In yana da kuka sai ya kai wa wanda ya kawo shi. Masu masaƙu da yawa ba su so ƙungiya ta shigo ba, sai da aka sha fama. Ma'aikata da dama kuma ƙafarsu ɗaya tana gona, in abu ya yi zafi sai su koma ƙauye. Wannan hanya tana da daɗinta, gama maigida ya kan taimaki yaronsa ran suna ko ran rashin lafiya. Amma alherin maigida ba a rubuce ya ke ba. Ran da ransa ya ɓaci, ko ya mutu magada suka karɓa, shi ke nan. Inda mutane ke shiga suna fita kamar kasuwa kuma, gwaninta ba ta taruwa.

6. Misali Daga Amurka

Kada a ce wannan halin ƙasarmu ne kaɗai. A garin Fremont na Kalifoniya, a Amurka, kamfanin General Motors yana da ma'aikatar ƙera motoci wadda ta yi ƙaurin suna wajen fashin aiki da yaji da motoci masu aibi. Tsakanin manajoji da ƙungiya ba a ga maciji. A 1982 aka rufe ta.

A 1984 aka sake buɗe ta tare da kamfanin Toyota na Japan. Yawancin waɗanda aka ɗauka tsofaffin ma'aikatan wurin ne, ƙungiyarsu kuma ita ce dai ta dā. Abin da ya sake shi ne yarjejeniya. Ƙungiya ta yarda mutum ya koyi aiki iri iri, a yi aiki rukuni rukuni. Kamfani ya yi alkawari ba zai sallami mutane ba sai in wahala ta kai maƙura. Aka kai waɗansu Japan suka koyo aiki. Aka kuma ba kowane lebura izini, in ya ga aibi a jikin mota, ya ja igiya a tsai da layi har a gyara. Ba a yi shekara biyu ba motocin wurin suka shiga sahun mafiya kyau cikin na General Motors duka. Ginin bai sake ba, mutanen ba su sake ba, amana ce ta shigo. Ma'aikatar ta yi aiki har 2010.

A Jamus kuwa doka ce ta shigar da ma'aikata cikin shawara. Tun 1976, babban kamfani mai ma'aikata fiye da 2,000 lalle ne ya ba wakilansu rabin kujerun majalisar da ke lura da shi.

7. To, Riba Ce ko Hasara?

A nan ya kamata a faɗi gaskiya ta kowane gefe. Waɗansu masana biyu na Amurka, Richard Freeman da James Medoff, sun auna wannan a 1984. Suka tarar inda akwai ƙungiya albashi ya fi yawa, ma'aikata kuma sun fi daɗewa ba su bar aiki ba. Suka tarar kuma rabon da ke shiga aljihun masu kamfani ya kan ragu, gama an raba da ma'aikata. Yawan aikin da a ke fitarwa kuwa, ya dogara ga irin zaman da ke tsakanin ɓangarorin biyu. Inda a ke zaman lafiya ya kan ƙaru, inda a ke zaman doya da manja ya kan ragu.

Ƙungiya tana iya ɓata kamfani ta hanya uku: in ta ƙi kowane sabon abu don kawai sabo ne, in ta tsaya wa malalaci ko ɓarawo don ɗan ƙungiya ne, in kuma shugabanninta suka mai da yajin aiki abin wasa, ko suka sayar da 'yan'uwansu a ɓoye. Mai kamfani shi ma yana iya ɓata nasa: in ya ɓoye gaskiyar halin da kamfani ke ciki, in ya karya alkawarin da ya sa wa hannu, in kuma ya kori duk wanda ya buɗe baki.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin su duka biyu. Masaƙun Arewa sun tsallake wahalar shekarun 1980, amma daga baya wutar lantarki ta yi ƙaranci, baƙin man da a ke kunna injina da shi ya yi tsada, atamfa mai araha ta ƙasashen waje, musamman ta Sin, ta cika Kantin Kwari, da yawa ta hanyar fasa-ƙwauri. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsai da aiki a Kaduna a 2007, masaƙun Kano da dama suka bi baya. Ƙungiya da masu masaƙu sun yi ta kai kuka ga Gwamnati tare. Wanda ya ce maka ƙungiya ce ta kashe masaƙu, tambaye shi, waɗanda ba su da ƙungiya mai ƙarfi fa, me ya kashe su?

8. Nasiha

Kai da ka baro Roni ko Gwiwa ko Babura ko Kazaure ka sami aiki a ma'aikata, riƙe waɗannan.

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, sashe na 40, ya ba ka ikon shiga ƙungiya. Dokar 2005 kuma ta ce shiga ganin dama ne, ba a tilasta ka, ba a kuma cuce ka don ka shiga ko ka ƙi. A yau sai mutum 50 sun haɗu a ke yi wa ƙungiyar ma'aikata rajista. A 2024 an sa mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata. In gardama ta gagara, akwai kotun ma'aikata ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1976.

In ka shiga, ka riƙa zuwa taro. Ka nemi a karanta yarjejeniya a gabanka, yanzu kuwa da ka iya karatu, karanta da kanka. Ka tambayi inda kuɗin da a ke cirewa daga albashinka su ke tafiya. Wajen zaɓe kada ka bi mai yawan ihu, bi mai gaskiya wanda ya san lissafi, ya iya zama da manaja ba tsoro ba rashin kunya.

In sabon inji ya zo, kada ka zama na ƙarshe wajen koyonsa. Gwani ba ya rasa mai nemansa. Ku nemi a koya muku, ku nemi rabonku cikin amfanin da zai kawo, a rubuta a sa hannu. Yajin aiki kuwa a ajiye shi can ƙarshe, bayan magana ta ƙare, gama ran da inji ya tsaya tukunyar gidanku ma tana jin jiki.

Kai kuma maigida, ko injin niƙa gare ka, ko na casar shinkafa, ko gidan burodi mai yara goma, kafin ka sake hanyar aiki tara yaranka ka gaya musu dalili, ka ji ta bakinsu. Wanda ke tsaye kan inji wuni guda ya san inda ya ke ciwo fiye da wanda ya biya kuɗinsa.

Allah ya sa albarka cikin neman kowa, ya ba mu zaman lafiya da juna. Amin.

Tamat.